Velositi da gudu: ina ɗalibanmu suke tuntuɓe?

Malamin fizis, Asawase: Assalamu alaikum malamai. Jarrabawar kammala sakandare ta WASSCE na ƙaratowa, amma har yanzu yaran babbar sakandare (SHS) suna ɗaukar velositi da gudu abu guda. Wace dabara ce take ci a ajinku?

Malama, Aboabo: Wa alaikumus salam, Malam. A wannan darasi fili ya fi allo. Zagaye ɗaya na hanyar tsere a filin wasa na Baba Yara da ke Kumasi mita 400 ne. In yaro ya zagaya cikin sakan 80, gudunsa mita 5 ne a sakan, amma matsakaicin velositinsa sifili, tunda ya dawo inda ya tashi. Velositi ba ruwansa da nisan da ƙafa ta taka. Tazara miƙe daga mafari zuwa matsaya yake dubawa, da kuma inda aka dosa. Shi ya sa trotro a shataletale, ko allurar gudunta ta tsaya cak a kan 30, velositinta yana canzawa, domin tana ta karkata.

Malam, Tafo: Gaskiya ne, Malama. Matsakaicin gudu ma tarko ne. Mota ta yi kilomita 120 da gudun kilomita 60 a awa, ta dawo da gudun 40, yara sai su ce 50. Zuwa awa 2, dawowa awa 3, kilomita 240 a raba da 5, amsa 48. Sannan kilomita a awa, a raba da 3.6 kafin ta zama mita a sakan: 72 ta koma 20.

Mai kula da ɗakin gwaji, Sabon Zongo: Na'urar ɗiga tabo a tef tana bin wutarmu mai 50 Hz, tabo 50 a sakan, wato sakan 0.02 tsakanin tabo da tabo. Kuskuren da ke ɓata aikin shi ne ƙirga tabo maimakon gibi. Tabo 11 ne ke ba da gibi 10, sakan 0.2. A tsallake tabon farko da suka cunkushe. In agogon hannu za a danna, a auna mita 20 ko fiye, a maimaita sau uku, domin jinkirin yatsa yana cinye gajeren awo.

Malama, Aboabo: Don Allah a nanata musu alamar + da −. In sama ce +, ƙwallon da aka jefa sama da gudun mita 20 a sakan, g (ragin da jan ƙasa ke yi wa velositinsa kowane sakan) a matsayin 10, zai kai ƙololuwa a sakan 2 da velositi sifili. A sakan 3 velositinsa −10 ne, ba 10 ba.