Tsirran tankin kifi na narkewa: me kuka gani a naku?

Sabon shiga: Assalamu alaikum 'yan uwa. Na haɗa tankin kifi na gilashi, na dasa Anubias da Cryptocoryne a cikin tsakuwa. Kifaye lafiyarsu lau, amma ganyen Cryptocoryne ya yi laushi yana zagwanyewa, gilashin ma ya soma yin kore. Waɗanda suka riga mu, a taimaka.

Tsohon hannu: Wa alaikumus salam ƙanena. Kada ka tuge Cryptocoryne ɗin nan, halinsa ke nan in an sauya masa wuri. Masu rainon tsirran nan galibi a wajen ruwa suke rainonsu, saiwa a jiƙe, ganye a iska. Da ka nutsar da shi, tsohon ganyen sai ya narke. Nawa sai da ya rage ba ko ganye ɗaya. Na tsince ruɓaɓɓun, na ƙyale saiwar a inda take, bayan 'yan makonni ga ƙananan ganye sun ɓullo, sirara, masu duhun launi. Abin da ya dame ni a bayaninka shi ne Anubias. Ka ce binne shi ka yi?

Sabon shiga: E, Yaya, har gindinsa.

Tsohon hannu: To yau ɗin nan ka tono shi. Ka duba za ka ga wani kara mai kauri a kwance, ganye na fitowa ta samansa, saiwa ta ƙasansa. Wannan karan ba a binne shi, ruɓewa yake yi. Ka ɗaure shi da zare a jikin dutse ko itace, da kansa zai kama. Haka ma Java fern.

Uwar gida mai kifi: Ni kan koren gilashin zan yi magana, gansakuka ce. Tankina kusa da taga yake a da, rana na dukansa da hantsi, ga fitila tun asuba har dare. Ruwan ya koma kore shar, kifin ma sai ya matso jikin gilashi nake ganinsa. Na janye shi daga taga, na sa wa fitilar agogon da ke kunnawa da kashewa, awa 7 kullum. Wasu na yin 6, wasu 8. Anubias da Java fern ba masu son haske da yawa ba ne, girmansu a hankali yake, hasken da ya yi saura gansakuka ke morarsa. Kuma Malam, ka rage abincin kifi. Wanda ya nutse ya ruɓe shi ma taki ne gare ta.

Mai lura da ganye: Ganyen da kansa yana faɗa maka abin da ya rasa. Tsoho na ƙasa ya yi rawaya, yawanci naitirojin ne ya yi kaɗan. Sabon toho ya fito fari-fari, sinadarin ƙarfe ne. Ƙananan huda kamar an tsira allura, fotashiyam. Amazon sword ɗina ya daɗe a tsaye, bai mutu ba bai ƙaru ba, sai da na cusa masa ƙwayar taki a ƙarƙashin tsakuwa kusa da saiwa, don shi da Cryptocoryne ta saiwa suka fi ci. Waɗanda aka ɗaure a dutse kuwa takin ruwa suke buƙata, kaɗan-kaɗan. Amma kada ka zuba taki yanzu da komai ke narkewa, bari sai ka ga sabon toho.

Uwar gida mai kifi: Gaskiyarka. Ni duk mako nake ɗebe kusan kashi 25 cikin 100 na ruwan, in zuba sabon ruwa da na sa wa maganin da ke cire kulorin. Zafin ruwan tsakanin digiri 24 zuwa 26 nake barinsa.

Tsohon hannu: Ƙanena, wane kifi ne a ciki? In goldfish ne, rabin matsalar daga bakinsa take, yana cin ganye mai laushi yana tone saiwa. Sannan ka duba ko ka cire ulun nan da ake naɗe saiwa da shi a cikin ɗan tukunyar roba.

Sabon shiga: Guppy ne, Yaya. Ulun kuwa yana nan, da shi na dasa. Da hannu zan cire ko akwai dabara?

Mai lura da ganye: Cikin kwanon ruwa, da tsinke, a hankali. In saiwa ɗaya ko biyu ta tsinke ba komai.