Nitrit ya ƙi sauka a sabon tankina na kifin ruwan gishiri

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Don Allah wanda ya san kan kiwon kifin ado na teku ya kawo mini ɗauki.

Na haɗa tanki mai cin lita 100, na zuba yashi da duwatsu, na dama gishirin da ake sayarwa musamman don wannan harka, ma'aunin yawan gishirin ruwa ya tsaya a 1.025. Ban saka kifi ba tukuna, ina jiran bakteriya masu cinye datti su kafu. Amoniya, wato gubar da datti ke fitarwa, ta sauka zuwa sifili, amma nitrit, gubar da ke biyo baya in bakteriyar sun cinye amoniya, ya yi kememe, duk sanda na ɗiga maganin gwaji sai ruwan kwalbar ya rine ya koma shunayya, alamar har yanzu nitrit yana nan. Ga kuma wata ƙura mai ruwan ƙasa da ta lulluɓe gilashi da yashi, in na goge da safe kafin magariba ta dawo.

Da ruwan burtsatse na haɗa, shi nake zargi da kawo ƙurar nan. Sannan in an ɗauke wuta famfon da ke juya ruwan tankin yakan tsaya awanni, ruwa ya kwanta lumus. Wannan yana kashe bakteriyar ne? In sauya ruwan duka da tatacce, ko in ƙara haƙuri? Yara sun matsa sai an kawo kifi, ni kuwa tsadarsa ta hana ni ganganci.