Tambaya kan efitiliyam: yaya zan bambance nau'o'insa ba tare da hadda ba?

Ɗalibar jinya:
Assalamu alaikum malamai. An ba mu nau'o'in efitiliyam, wato shimfiɗar ƙwayoyin halitta da ke lulluɓe fata da cikin gaɓoɓi. Sunayen sun yi yawa: mai layi ɗaya, mai layi da yawa, sikwamos, kuboidal, kolumna, har da na mafitsara. Akwai wata ƙa'ida da zan bi in gane su? Kuma me ya sa suke da muhimmanci a asibiti?

Malamin ilimin gaɓoɓi:
Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Tambayoyi biyu kawai za ki yi wa kowane gilashi da aka sa miki a maikuroskof. Layi nawa ne? Wace siffa ƙwayoyin layin sama suke da ita? Da layin sama ake raɗa suna, ba na ƙasa ba, kuma a nan ɗalibai suka fi tuntuɓe.

Daga nan sai ki dubi aikin wurin. Inda ake son abu ya ratsa da sauri, layi ɗaya ne siriri, ƙwayoyinsa a baje kamar ɓawon kifi. Wannan shi ne sikwamos mai layi ɗaya, kuma shi ne a 'yan jakunkunan iska na huhu da cikin jijiyoyin jini. Katangar da ke tsakanin iska da jini a huhu kaurinta bai ma kai maikuromita ɗaya ba, wato kashi ɗaya cikin dubu na milimita, a wurare da yawa. Inda ake tsotsewa da fitarwa, kamar 'yan bututun ƙoda, ƙwayoyin sun fi kauri, tsawonsu da faɗinsu kusan ɗaya, ƙwayar tsakiyarsu, wato nukiliyas, a dunƙule: kuboidal. A ciki da hanji kuwa dogaye ne a tsaye kamar turaku, kolumna, tsakaninsu akwai masu fitar da majina. Inda ake gogayya, fata da baki da maƙoshi (hanyar abinci) da farji, sai a jera layi kan layi don na sama ya goge na ƙasa ya maye gurbinsa. Na fata yana da keratin da ke hana ruwa fita, yawancin na baki ba shi da shi.

Biyu ne ke yaudara. Na maƙogwaro, wato hanyar iska, yana kama da mai layi da yawa domin ƙwayoyin tsakiya ba a jere suke ba, amma kowace ƙwaya tana taɓa ƙasa, kuma a samansa akwai 'yan gashi da ke tura majina da ƙura sama. Na mafitsara kuwa yana miƙewa in ta cika ya dawo in ta zube.

Abu ɗaya da duka suka haɗu a kai: babu jijiyar jini a cikinsu. Daga naman da ke ƙasa abinci ke ratsowa ta wata siririyar fata da suke zaune a kai. Shi ya sa ƙujewa ta sama-sama ba ta zubar da jini.

Ma'aikacin ɗakin gwaji:
Malam ya gama magana kan siffa. Zan ƙara kan abin da ke lalacewa. Idan wuri ya daɗe yana shan wahala, efitiliyam ɗin yakan sauya nau'i. Mai shan taba, na maƙogwaronsa yakan koma sikwamos, 'yan gashin nan su ɓace, sai majina ta taru ya yi ta tari. Mai ƙwarnafi na shekaru, ƙasan maƙoshinsa yakan koma irin na hanji, kuma daga nan sankara na iya farawa.

Wanda ya fi shafar mu shi ne tsargiya. Yaro na wanka a kududdufi ko madatsar ruwa, tsutsar tsargiya ta shiga jikinsa, ƙwanta ya maƙale a bangon mafitsara, yana fitsarin jini. In aka bari shekaru ba magani, shimfiɗar mafitsara ta koma sikwamos, kuma irin wannan sankarar mafitsara an fi ganinta inda tsargiya ta yi yawa. Furazikwantel ne maganin tsargiya, kada a ɗauki fitsarin jini alamar girma.

Ungozoma:
Ki kuma riƙe bakin mahaifa. A nan sikwamos na waje da kolumna na ciki suke haɗuwa, kuma a wannan mahaɗa ƙwayar cutar HPV, mai jawo sankarar bakin mahaifa, ta fi kafa tushe. Shi ya sa a wurin ake gogo samfuri, ko a shafa ruwan asid asetik mai ƙarfin kashi 3 zuwa 5 cikin ɗari, a jira minti ɗaya. Inda ya yi fari fat a bakin mahaɗar, a tura matar a duba ta da kyau. Idan aka gogo daga gefe aka bar mahaɗar, sakamako zai iya fitowa lafiya alhali akwai matsala.

Malamin ilimin gaɓoɓi:
Haka ne Hajiya. Na hanji kuma yana sabunta kansa cikin kwana 3 zuwa 5, na fata kusan mako huɗu. Saboda saurin nan ne maganin sankara yake fara taɓa hanji da baki, mai jinya ya yi gudawa da gyambon baki.