Wata uku ko shekara guda? Gardamar 'yan ɗaga ƙarfe a Gombe

Ɗan Bolari: Salam jama'a. Ni fa har yanzu ina kan bakana, bayan gasar nuna ƙwanji wata uku ya isa mutum ya ci ya tara nama, sai ya koma rage kitse. Duk wanda ya wuce haka tuwo yake so ba ƙwanji ba.

Koci: Wa alaikassalam. Ƙanena wata ukun nan ai jikinka bai ma gama dawowa hayyacinsa ba. Wanda ya yi wata huɗu biyar yana ɗaure ciki kafin ya hau dandamali, sinadarin mazantakarsa yakan faɗi ƙasa sosai, barci ya lalace, ƙarfen da yake ɗagawa da wasa ya koma gagararsa, kuma kilon da zai gani a sikeli satin farko yawanci ruwa ne da kitse, to yaushe aka fara ginin balle a ce an gama?

Ɗan Bolari: Oga da girmanka, amma mun ga masu shekara guda suna tara naman ai. An ce ana gini ana gini, ƙarshe riga ta daina rufe cibiya 😂

Na Jekadafari: Wlh akwai wani a jim ɗinmu tun bara yake cewa yana tara jiki, kullum masa da miyar taushe da lemon kwalba, yanzu bel ɗin ɗaga ƙarfe ma a ramin ƙarshe yake ɗaurawa.

Koci: Wannan haɗama ce, ba laifin tsawon lokaci ba ne. Ku yi lissafi mana. Abin da masana ke ba da shawara shi ne a ƙara kamar 0.25 zuwa 0.5 cikin ɗari na nauyin jiki a sati. Mai kilo 70 kenan giram 175 zuwa 350. A sati 12 kilo 2 zuwa 4, kuma ba duka ne tsoka ba. Ka dawo ka rage abinci, wani abu ya sake zubewa, ka hau dandamali da jikin bara sak, alƙalai su ba ka matsayin bara. Wanda ba ya allurar ƙara tsoka, in dai ya wuce shekarun farko, naman a hankali yake zuwa. Ni wata takwas zuwa shekara nake cewa, mai ƙananan ƙafafu ma ya fi haka.

Baban Ilham: Dorian Yates haka ya yi. Ya ci Mr Olympia, babbar gasar nuna ƙwanji ta duniya, sau 6, daga 1992 zuwa 1997, yakan shige jim ɗinsa a Birmingham a daina jin ɗuriyarsa sai gasa ta zo.

Ɗan Bolari: To Samson Dauda fa, haifaffen Najeriya? A 2023 ya ci gasar Arnold Classic a watan Maris, Nuwamba ya zo na uku a Olympia, 2024 ya ɗauke kambun. Ina shekarar hutun?

Koci: Mutumin da ya riga ya gama gina gida ne yake ta shafa fenti, kai ko fandisho ba ka fitar ba. Kuma matakin can wata duniya ce, Yates da bakinsa bai ɓoye cewa ya yi amfani da allura ba. Kar yaran da ke nan su ɗauki jadawalin waɗancan.

Na Jekadafari: Ni matsalata aljihu ne gsky. An ce furotin giram 1.6 zuwa 2.2 a kowane kilo, mai kilo 70 aƙalla giram 112 a rana, ƙwai ɗaya kuwa kamar giram 6 ne, wa zai iya wannan shekara cur a tsadar nan?

Baban Ilham: Wa ya ce sai ƙwai? Wake, awara, kindirmo, kifin Dadin Kowa in an samu da sauƙi. Abin da ban ji kun ambata ba shi ne azumi da zafin Maris da Afrilu, abinci ba ya shiga, in wata ukunka ya faɗa nan sai dai ka riƙe abin da kake da shi.

Ɗan Bolari: Wannan kam gaskiya ne. Amma shekara ta yi yawa, in babu gasa a gabana lalaci nake yi. Na ƙara zuwa wata biyar, iyakata kenan.

Koci: Kawo tef gobe da asuba mu auna cinya da hannu, mu rubuta a bango. Bayan wata biyar ɗin a sake aunawa.

Ɗan Bolari: Hannu dai oga, cinya a bar ta tukuna 😂