Editin ɗin fim ɗin makaranta ya zame mini ciwon kai

Ɗan Aji Huɗu: Salam jama'a, yau raina a ɓace yake wallahi. Fim ɗin da aka ba mu na kammala karatu, minti 12 ne, mu bakwai ne a guruf amma ni kaɗai na ɗauka da wayata ni kuma na zauna na yi editin a manhajar CapCut, sauran sai dai su zo su tsaya a kaina suna a cire nan a saka nan. Kyamara ɗaya ce tal a sashenmu kuma kullum tana hannun wani, karatun duk a allo muka yi shi. YouTube ce ta mai da ni ƙwararre ba aji ba. Yanzu matsalata baki da murya sun rabu, farko daidai suke amma kafin minti na takwas jaruma ta rufe baki magana na ci gaba. Wa ya san gyaran?

Mai Rigar Sanyi: Ƙwararre?? Ƙanina ƙwararren da baki da murya suka rabu a hannunsa 😂

Anti Mai Lalle: Haba yaya, yaro ya zo da damuwarsa ka bar damuwar ka kama kalma ɗaya.

Mai Rigar Sanyi: Anti ai shi ya faɗa. Mu da muka yi NFI, makarantar koyon fim ta ƙasa, a Jos sai da muka sha ɗaukar fitila da jan waya kafin a bar mu mu taɓa kyamara, kuma har yau ban kira kaina ƙwararre ba. CapCut ɗin ma na kamfanin TikTok ne, na 'yan rawa.

Na Zoo Road: To fa, an fara. Kullum sai an ce mana Jos. Malam waɗanda suka yi fim ɗin Turmin Danya a 1990 wace makarantar fim suka je? Da kyamarar kaset aka fara wannan harkar a Kano, a hannu aka koya, kuma ita ke ciyar da mutane har gobe. Wanda ya iya ya iya, takarda ba ta editin.

Mai Rigar Sanyi: Shi ya sa aka daɗe ana jin ƙarar janareto a bayan jarumi yana kuka.

Na Zoo Road: Ka janye wannan maganar.

Injiniya: Ɗan Aji Huɗu ba laifinka ba ne sosai. Waya ba ta riƙe adadin firam ɗaya (wato yawan hotunan da take ɗauka a sakan), idan ta yi zafi ko haske ya ragu sai ta rage, to idan sautin da wata wayar ka ɗauka a hankali za su rabu. Ka saka bidiyon a manhajar HandBrake, kyauta ne, ka tsayar da shi a firam 25 a sakan sannan ka sake jerawa. Gaba kuma kafin kowane shot wani ya tafa hannu sau ɗaya a gaban kyamara, da wannan tafin za ka haɗa hoto da sauti.

Ummi Sabon Shiga: Ni dai tambayata wa ke ba da lambar ƙwarewar ne? Akwai fim ɗin Amurka Tangerine na 2015, da iPhone 5s aka ɗauke shi har aka nuna shi a bikin Sundance, su ma ba ƙwararru ba ne kenan?

Mai Rigar Sanyi: Ƙanwata sun ɗora wa wayar gilashi na musamman, sauti kuma da na'urarsa daban da mai riƙe ta. Kuma iPhone kika ce, ki tambaye shi da me ya ɗauka.

Ɗan Aji Huɗu: Tecno ce, sai me?

Anti Mai Lalle: Mu ma masu Tecno mutane ne fa, a dinga jin tsoron Allah.

Na Zoo Road: Rabin masu iPhone ɗin nan na hannu ne daga kasuwar waya ta Farm Centre, batir ba ya kai la'asar.

Ummi Sabon Shiga: Yaya da ni kake? Tawa a kwali na saye ta.

Injiniya: Jama'a ya gwada abin da na ce kuwa?

Mai Rigar Sanyi: Ya sauke manhajar editin ta DaVinci Resolve tukun, kyauta ne, idan ya iya gyaran kala a ciki sai mu yi maganar ƙwarewa.

Ɗan Aji Huɗu: Yallabai laftof ɗina RAM giga 4 ne, ko buɗewa ba ya yi, kuma ranar Litinin zan miƙa aikin.

Admin: To ya isa haka. Na karanta komai, abin da aka tsaya a kai shi ne harkar fim a hannu ake koyonta kamar yadda Na Zoo Road ya kawo hujja da tarihi, ni ma a shagon editin na koya ba wanda ya taɓa tambayata satifiket. Mutumin Jos bai kawo komai ba sai gori, kuma maganar janareto zai goge ta ko na goge shi. Batun Tecno da iPhone a kai shi wani guruf ɗin. Na rufe.