Da aka karanta rubutunku a gabanku, me kuka gano?

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Na kammala rubutun fim ɗina na farko. Darakta ya ce kafin a ɗora kyamara sai an zauna an raba wa 'yan wasa takardu, kowa ya karanta nasa a bayyane, ni kuma in kama bakina in saurara. Don Allah waɗanda suka taɓa shiga irin wannan zama, me kunne ya jiyo muku wanda ido bai gani ba?

Marubucin fim: Wa alaikumus salam. Ka tafi da agogo, ɗan'uwa. In an buga rubutu a tsarin da aka saba, wato salon haruffan Courier mai girman 12, shafi ɗaya yakan ci kusan minti ɗaya a allo, shi ya sa cikakken fim yake kamawa daga shafi 90 zuwa 120. Amma baki ne yake nuna gaskiyar lissafin. A nawa zaman akwai fitowar da wa da ƙani suke jayayya kan gidan mahaifinsu. Mai karanta wan ya haɗa shafi biyu ya juya bai sani ba, ya ci gaba daga inda idonsa ya sauka, kuma babu wanda ya ɗago kai. Labari bai ko girgiza ba. A shafin da ya tsallake, kowannensu yana gaya wa ɗan'uwansa abin da dukansu suka riga suka sani ne, don kawai mai kallo ya ji. Da na cire shi sai faɗan ya fara daga inda ƙanin ya ajiye makulli a kan tebur.

Marubuciyar littafi: Ni ba fim nake yi ba, amma na sa wata ƙawata ta karanta mini babi guda ina kwance ido a rufe. Wallahi na kasa bambance uwa da 'yarta. Dukansu da bakina suke magana, tsawon jimlarsu ɗaya, har inda suke numfasawa ɗaya. Yanzu nakan rufe sunaye da yatsa in karanta hirar. Uwar na mayar da ita mai kewaye, ba ta taɓa amsa tambaya kai tsaye, 'yar kuma kalma uku ta gama. Kuma kada zafin zaman ya karya maka gwiwa. A 1849 Gustave Flaubert na Faransa ya yi kwana huɗu yana karanta wa abokansa biyu wani dogon rubutunsa, da ya gama suka ce ya jefa shi wuta. Bai daina ba, littafin da ya fito da sunansa duniya ya fito a 1857, kuma an san shi da ɗaga murya yana karanta jimlolinsa don ya ji inda suke tuntuɓe.

Malamin koyar da rubutu: Hajiya ta yi gaskiya, sai dai zan ƙara wani abu da ya fi damuna. In an gama za a yi maka ruwan shawarwari, kuma ba duka ne naka ba. Ɗan wasa yakan so a ƙara masa magana, furodusa yakan so a rage wuraren ɗauka. Mai sauraro kamar majinyaci ne: ya san inda ke masa ciwo, amma ba shi ke rubuta magani ba. Don haka ni jikin mutane nake kallo fiye da bakinsu. A wani zama da na yi, muna kaiwa tsakiya sai na ga wata ta ɗaga gefen takardun tana duba saura nawa, wani ya zaro waya. Tun a littafinsa na 1979 Syd Field, masanin rubutun fim ɗan Amurka, ya raba fim kashi uku, ya ba na tsakiya kusan rabin tsawonsa, kuma a nan labari ya fi kwanciya. An ce mini in saka faɗa, an ce in saka abin dariya. Da na koma na duba, jarumar ce ta samu abin da take nema da wuri, babu sauran mai tare mata hanya. Na jinkirta samun, na ba ƙanwarta dalilin hana ta, sai tsakiyar ta miƙe.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai, Malam. Bayanin wuri da motsi fa, ni zan karanta?

Malamin koyar da rubutu: A'a, ka ba wani ya karanta. In kai ne, za ka riƙa cike giɓi da muryarka ba ka sani ba. Kai dai riƙe biro, ka sa alama duk inda harshen wani ya sarƙe, ko aka yi dariya inda ba ka nufa ba. In sun yarda ka naɗi zaman a waya, ka sake saurara bayan kwana biyu.