Kwamfutar Tebur Na Kamawa Amma Ba Ta Tashi

Masu gyara sun fi karkata ga cewa idan fanka na juyawa amma allo baƙi wuluk, RAM, wato sandunan ƙwaƙwalwar wucin gadi da ke cikin kwamfutar, ake fara zargi. A zare wayar wuta, a danne maɓallin kunnawa na daƙiƙa 15, sannan a ciro RAM, a goge haƙoransa masu ruwan zinare da magogin fensir. A mayar da guda ɗaya kawai, a danna har maƙallan su kama. In shiru, a sauya rami ko a gwada ɗayan. Ƙura da rashin zama daidai ne ke jawo yawancin wannan matsalar.

Kafin nan ma, a duba wayar allo: in akwai katin hoto (graphics card, mai aika hoto zuwa allo), a jikinsa ake sakawa, ba a uwar allo (motherboard, babban farantin da kayan ciki ke haɗe a kansa) ba.

Batirin CMOS, wato ƙaramin batiri mai siffar kwabo da ke jikin uwar allo (CR2032 mai bolt 3), a cire shi minti 5 don BIOS, manhajar farko da ke tayar da kwamfuta, ya koma saitinsa na asali. A tabbatar filogin wuta mai fil 24 da na CPU (ƙwaƙwalwar da ke sarrafa aiki) sun zauna daram.

In tambarin kamfani ya fito sannan kwamfutar ta tsaya, sau da yawa matsalar tana kan faifan ajiya. A cire filasha, a sake matse wayar SATA da ke haɗa faifan da uwar allo, a duba jerin tashi a BIOS, wato tsarin da ke nuna faifan da kwamfuta za ta fara tashi daga kansa.